Gidan Siliman Da Ya Zama Asibitin Haihuwa

Yau zan ɗauke ku daga nan Birnin Gwari mu tafi Kano, mu tsaya a gaban wani gini da ke unguwar Jakara, mu ji tarihinsa.

Abin da ya jawo maganar kuwa, ran nan muna karatu a aji sai muka ci karo da kalmar silima. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, silima ɗin nan shi ne fim?" Na tambayi ajin duka, wace ce ta taɓa shiga gidan silima? Ba wadda ta motsa. Na sake tambaya, wace ce ta kalli fim daren jiya? Sai ga hannuwa sun tashi, fiye da rabin aji. Tun daga ranar abin yake yi mini yawo a zuciya. Ga yara ba su san ƙofar silima ba, amma ba daren da zai wuce ba su yi kallo ba. To, yaya aka yi haka ta faru? Labarin gidan siliman Palace na Kano zai ba mu amsa.

Zamanin Majigi

Kafin silima, abin da mutanen Arewa suka fara sani shi ne majigi. Mota ce ta gwamnati, tana ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da farin ƙyalle, tana bin gari gari. Garuruwa irin namu da daji ya kewaye, kakanninmu ba su san wani kallo ba sai shi. In motar ta iso, sai a yi shela. Bayan sallar isha'i a taru a fili, galibi ƙofar gidan sarki ko hakimi, a kafa ƙyalle a haska. Wani ma'aikaci yana tsaye da lasifika yana bayani da Hausa. Abin da akan nuna shi ne tsabtar gida da ruwan sha, rigakafin cututtuka, sababbin dabarun noma, da labarin rangadin manyan ƙasa. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai, wasan da aka shirya don wayar da kan manoma.

Da fari mutane sun ji tsoron abin, har wasu suna kiransa dodon bango. Amma da yake ta hannun hukuma ya zo, kuma a gaban idon sarki da dattawa ake yinsa, ba a biyan ko anini, sai aka saki jiki da shi. Yara suna gaba a zaune a ƙasa, maza a tsakiya, 'yan mata da tsofaffin mata daga baya. Ba wanda zai zagi yarinya don an gan ta wurin majigi.

Silima kuwa sha'aninsa dabam. Gida ne na kasuwanci, sai ka yanki tikiti ka shiga, abin da ake nunawa kuma na nishaɗi ne daga ƙasashen waje. A Kano, gidan silima na farko da aka gina don wannan sana'a shi ne Rex, a shekarar 1937. Kwarori, watau 'yan kasuwa mutanen Labanan, su ne suka riƙe harkar shekaru masu yawa.

A nan sai mun tuna yadda Kano take a lokacin. Akwai Birni a cikin ganuwa, inda fadar Sarki take, da manyan malamai da tsofaffin gidaje. A waje kuma ga Fagge, ga Sabon Gari inda baƙi daga Kudu suke zaune, ga Nasarawa ta Turawa. Duk abin da mutanen Birni suke ƙyama, kamar giya da gidan rawa, a wajen ganuwa yake, ana ce masa harkar bariki. Rex a waje aka gina shi, saboda haka tun ranar farko silima ya shiga cikin lissafin bariki. Yaron kirki in zai je, sai ya saci jiki.

Gobarar El-Duniya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe wani gidan silima mai rufi, shi ma a wajen Birni, aka sa masa suna El-Duniya. Ranar Lahadi 13 ga watan Mayu, 1951, ana cikin kallo wuta ta tashi. Mutum wajen 600 ne a ciki, 331 suka rasa rayukansu, galibinsu samari. Fim na wancan zamani da wani sinadari ake yinsa mai saurin kama wuta kamar fetur, in ya kama kuwa ko ruwa ba ya kashe shi ta daɗi. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani alƙali Bature, amma mutanen gari sun riga sun yanke nasu hukunci. Da yawa suka ce ishara ce daga Allah, suka ce ku dubi ma sunan gidan.

Ku tsaya ku yi tunani, 'yan'uwa. Gawa 331 a rana ɗaya. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai uwar da ta haife shi, wasu da amare a ɗaki, wasu da 'ya'ya ƙanana. Matan da ba su taɓa taka ƙofar silima ba, su ne suka zauna zaman makoki, wasu suka shiga takaba. Gobarar ta zauna a zukatan Kanawa har ta zama abin lissafin shekaru, a ce wane an haife shi shekarar gobarar El-Duniya.

An Kawo Shi Cikin Birni

Hawaye bai gama bushewa ba, a shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sai ga sabon gidan silima an buɗe. Wannan karon a cikin ganuwa, a unguwar Jakara, dab da kasuwar Kurmi, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sunansa Palace, watau fada da Turanci. Shi ne silima na farko a cikin Birnin Kano.

Gari ya ɗauki zafi. Malamai suka yi ta wa'azi a kansa. Iyaye suka ce abin da ya cinye musu 'ya'ya bara a waje, ga shi bana an kawo musu har ƙofar gida. Samarin unguwanni suka yi gangami, har ta kai ana jifan masu zuwa kallo da duwatsu, sai da 'yan doka suka shiga tsakani, aka kama wasu. Ba dare ɗaya aka yi ana wannan ba, an ɗauki watanni.

Me suke tsoro? Abu uku ne. Na farko, wasu malamai suna ganin hoto mai motsi da magana bai halatta ba. Na biyu, abin da ake nunawa, shaye-shaye da faɗa da rungume-rungumen Turawa. Na uku, wanda ya fi damun kowa, shi ne taron dare inda namiji da mace za su iya haɗuwa ba mai sa musu ido. Kun ga ke nan da sunan kare mutuncin mata aka yi yawancin faɗan, ko da yake ba a ji an tara matan an tambaye su ra'ayinsu ba.

Duk da jifa da wa'azi, Palace bai rufe ba. Ya yi shekara 31 yana aiki. A cikin waɗannan shekaru Kano ta cika da gidajen silima, irin su Plaza da Orion da Eldorado da Queens da Wapa, daga baya kuma Marhaba. Yawancinsu fili ne da aka kewaye da doguwar katanga, ba rufi, sai ƙaton bango fari a gaba. Don haka sai duhu ya yi ake fara kallo, in hadari ya taso kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Kujerun kuɗi kaɗan suna gaba kusa da bango, masu tsada suna baya. A bakin ƙofa ga masu tsire da masu shayi da masu gyaɗa da rake, ga masu ajiye kekuna, kasuwa sosai take ci har tsakar dare.

Da fari fina-finan Amurka da Ingila ake kawowa, na kaboyi da na yaƙi. Daga baya na Indiya suka shigo suka ƙwace fage, sa'an nan na Sin masu faɗan hannu. Na Indiya sun shiga ran Hausawa ne domin sun ga abin da suka sani a ciki: auren tilas, biyayyar iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, talaka da mai kuɗi, ga sutura mai rufe jiki. Fim ɗin nan Mother India na 1957, labarin wata uwa da ta yi noma ta reni 'ya'yanta cikin bashi da wahala, an yi shekara da shekaru ana maimaita shi a Arewa, mutane ba su gaji ba. Fim na Hausa kuwa a wancan lokaci ɗaiɗai ne, kamar Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

To, ina mu mata a cikin wannan duka? Muna gida. Matar aure ba ta zuwa silima, budurwar da ke son a aure ta da daraja ma haka. Wadda duk aka gani a ciki, an gama yi mata suna. Fim ɗin da aka yi a kan wahalar uwa, maza ne suka cika kujeru suna kallonsa, uwayen kuwa sai dai ƙane ko ɗa ya dawo da safe ya ba su labari, ko su ji waƙoƙin a rediyo. Sun haddace waƙar, ba su taɓa ganin mai yin ta ba.

Ranar Da Aka Rufe

A zaɓen 1983, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na jam'iyyar PRP ya kayar da Alhaji Abubakar Rimi ya zama Gwamnan Jihar Kano. Mutumin cikin Birni ne, tsohon ɗan NEPU. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kan tarihin silima a Kano, ya rubuta cewa Sabo yana cikin waɗanda suka yi adawa da Palace tun farkon buɗe shi. Ya hau mulki ran 1 ga Oktoba, soja suka yi juyin mulki ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Wata uku kacal ya yi a kan kujera. Amma a cikin wata ukun nan ya rufe Palace, ya ce a mai da shi asibiti. Abin da dutse ya kasa yi a 1952, alƙalami ya yi shi a 1983.

Wurin shi ne ya zama asibitin haihuwa na Jakara, wanda aka sa wa sunan Sabo Bakin Zuwo. Ku dubi ikon Allah. Ginin da aka yi shekara 31 mace mai mutunci ba ta isa ta tsaya a ƙofarsa ba, shi ne mata suka riƙa shiga da rana tsaka, da mayafinsu da katin awo a hannu, miji ne ma yake rako su. Inda ake layin yankan tikiti ya zama inda ake layin awon ciki. Duk wadda ta taɓa ganin mace tana naƙuda ana neman motar da za ta kai ta asibiti mai nisa, ta san darajar ɗakin haihuwa a tsakiyar unguwa. Mu da muke zaune a bakin daji, inda tafiyar dare zuwa Kaduna ko Funtuwa ta zama abin fargaba shekara da shekaru saboda 'yan bindiga, mun fi kowa sanin wannan. A nan kam ba ni da abin cewa sai Allah ya saka wa wanda ya yi da alheri.

Amma akwai tambaya. Da aka rufe Palace, kallon ya mutu?

Ya Fita Ta Ƙofa, Ya Shigo Ta Taga

Ko kafin a rufe shi, talabijin ya riga ya fara shiga gidaje, gidajen talabijin na Kano da Kaduna kuma suna sa fina-finan Indiya. Sa'an nan bidiyo ya zo da kaset. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin farkon fina-finan Hausa na bidiyo. Kafin shekara goma harkar ta bunƙasa ta zama abin da ake kira Kannywood. Su wa suka fi sayen kaset ɗin da kallonsa? Matan aure a cikin ɗakunansu. Waɗanda aka hana zuwa wurin fim, fim ya tako ya same su har kan gado.

Sauran gidajen siliman ba gwamna ne ya kashe yawancinsu ba. Kasuwa ce ta guje musu. Wa zai fita cikin dare ya zauna a kan benci sauro yana cizonsa, alhali ga kallo a gida? Kuɗin shigo da fim daga waje ya yi tsada bayan faɗuwar darajar Naira, injuna suka tsufa, wuraren kuma suka yi ƙaurin suna da 'yan daba da shaye-shaye. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka ƙara tsaurara dokoki. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin gidajen suka yi shiru, wasu aka rushe, wasu aka mai da su kantuna.

Yau kuwa ba kaset ba faifai. Silima ya ƙanƙance ya koma cikin tafin hannu. Yarinya za ta ba mai tura fina-finai a bakin kasuwa 'yan kuɗi kaɗan, ya cika mata waya da na Hausa da na Indiya mai fassara da wasu ma da ba ta tambaya ba. A ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, na lura kallo bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, domin abin yana cikin ɗan katin waya, ana ba juna hannu da hannu. Ga shi kuma rashin tsaro ya rage dandali da wasan dare da tatsuniya a tsakar gida. Da magariba ta yi kowa ya kulle ƙofa, yara ba su da abokin hira sai waya.

Kun ga bambancin? Palace yana da ƙofa ɗaya, da mai gadi, da lokacin buɗewa da na tashi. Wanda ya shiga, unguwa duka ta gan shi. Na yanzu ba ƙofa, ba mai gadi, ba ya tashi, kuma a ƙarƙashin bargo ake shigarsa. Sarki ba zai iya hana shi ba, Gwamna ba zai iya sa masa kwaɗo ba. Mai gadin ƙofar nan yanzu ke ce, uwargida.

Shawarata Gare Mu

Ban ce a fasa wayoyi ko a hana yara kallo ɗungurungum ba. Tarihin da muka ji ya isa ya nuna mana jifa ba ta hana komai, sai dai ta koya wa yaro satar jiki. A cikin fina-finan nan akwai masu koyar da haƙuri da zumunci da illar auren tilas, akwai kuma na banza. Abin da majigi ya fi silima da shi a idon kakanninmu shi ne a fili ake yinsa, babba da yaro suna kallon abu ɗaya, ga mai bayani a tsaye. Wannan za mu dawo da shi cikin gidajenmu.

Ke uwargida, ki sa kallo ya zama a tsakar gida ko a falo, inda kowa yake gani. Ki zauna ki kalla tare da su ko da sau ɗaya a mako. In an gama ki tambaye su, me ya sa wance ta yi haka, da ke ce me za ki yi? Za ki sha mamakin abin da za ki ji daga bakin 'yarki, abin da ba za ta taɓa faɗa miki ba in tambayar kai tsaye kika yi mata. Ki san wanda yake tura musu fim, ki duba abin da aka tura. Ki yanka lokaci: sai an yi salla, an gama aikin gida da na makaranta. In lokacin barci ya yi, waya ta kwana a ɗakinki. Kuma ki fara da kanki, domin ba yadda za a yi ki hana yarinya abin da ta ga tuwo yana ƙonewa saboda shi. Ki jawo maigida cikin maganar, kada ya zama ke kina hanawa shi yana bayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ke kuma 'yar makaranta, ni da nake tsaye a gaban allo ina gane wadda ta kwana kallo tun kafin in buɗe rajista. Idonta ja, kanta a kan tebur, jiya an yi darasi yau ba ta san inda aka kwana ba. Jarumar da kike kallo ta gama aikinta an biya ta. Ke fa, wa zai rubuta miki jarrabawa? Soyayyar fim awa biyu ce ko uku, an tsara ta ne don a sayar. Zaman aure da neman ilmi kuwa ba a yi musu kiɗa. Ki kalla don hutu, ki tashi ki kama littafinki. Asibitin nan na Jakara da irinsa da ke garuruwanmu suna neman ungozoma da nas da likita mace, kuma daga cikinku za su fito in kun tsaya.

Yarinyar da ta yi mini tambaya a aji, washegari na ba su wannan labari duka. Da na kai inda aka mai da silima asibiti, sai wata daga baya ta ce, "Malama, ashe ke nan akwai waɗanda aka haifa a gidan silima!" Aji ya fashe da dariya. Na ce ƙwarai kuwa, suna nan da yawa a Kano, wasunsu ma yanzu sun yi 'ya'ya. In Allah ya kai ɗayanku Kano, ta shiga kasuwar Kurmi sayayya, ta ɗan ƙarasa Jakara ta ga wurin da idonta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Waɗanda suka rasu a gobarar El-Duniya, Allah ya jiƙansu. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Ku huta lafiya.